Daga Unguja zuwa Pemba: kilomita nawa ne, kuma ko zan iya bin ruwa?

Tambaya: Ina da tafiya zuwa tsibirin Pemba a Tanzaniya kan harkar kanumfari, zan sauka a Zanzibar tukuna. Na duba nisan filayen jirgin biyu a intanet, wani wuri ya ce 68, wani 78, wani 125, hankalina ya tashi. Dillalin da ke shirya mini tafiyar kuma ya ce idan na rasa jirgin sama in hau na ruwa da dare, ai kusa ne. Haka ne?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, duk ukun magana ɗaya suke yi. Daga filin Abeid Amani Karume da ke Unguja, babban tsibirin Zanzibar, zuwa filin Pemba da ke kusa da garin Chake Chake kimanin kilomita 125 ne a miƙe. Mil ɗin ƙasa ne ya ba ka 78, mil ɗin teku da matuƙan jirgi ke aiki da shi ya ba ka 68. Ƙananan jirage irin Cessna Caravan kan cinye wannan tazarar a wajen rabin awa. Sai dai ka rage kaya, ba sa ɗaukar nauyi kamar manyan jirage.

Maganar dillalinka ce ta ɓata mini rai, don kullum sai na ji irinta. "Ai kusa ne." Kusa a wurin wa? Wancan lissafin na kilomita 125 na tafiyar tsuntsu ne, a miƙe. Jirgin ruwa ba daga filin jirgi yake tashi ba, daga tashar Malindi yake tashi a cikin gari, ya bi gefen tsibirin har ya wuce Nungwi a ƙuryar arewa, sannan ya faɗa teku mai zurfi kafin ya ga Mkoani, tashar jirgin ruwa ta Pemba. Tafiyar awanni ce, kuma ko ka sauka da sauran hanyar mota zuwa Chake Chake. A watannin da iskar kudu ke kaɗawa, wadda mutanen can ke kira kusi, wannan ruwan ba ya wasa da kowa.

A daidai wannan hanyar jirgin ruwan Spice Islander ya nutse cikin dare, ranar 10 ga Satumba 2011, bayan an lafta masa mutane da kaya fiye da ƙima. Ɗaruruwan rayuka suka salwanta. Nisan bai ƙaru da ko taku ɗaya a daren ba. Lodi ne, da duhu, da igiyar ruwa. Mai cewa "kusa ne" yana zaune a ofis da taswira a waya, bai taɓa jin yadda jirgi ke karkata in fasinjoji suka ruga ɓangare guda ba. Shi la'adarsa ta riga ta shiga aljihu.

Ban ce duk jirgin ruwa haɗari ba ne. Akwai masu rajista da ke da tikiti da lissafin fasinja, mutane na binsu lafiya. Abin da na hana ka shi ne kwalekwalen da wani zai nuna maka a bakin ruwa bayan magariba saboda kana sauri.

Ka yanki tikitin Pemba na safe, washegarin saukarka. In ruwan sama ya sa aka ɗage tashi, musamman tsakanin Maris da Mayu, ka ƙara kwana a Unguja, ka buga wa mai kanumfarin waya ya jira ka.