Tambayoyin Masu Karatu: Kuɗin Baiko, Zaɓen Dattawa da Batun Horo

TAMBAYA: Gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Ni dattijo ne a wata ikilisiya a kudancin Kaduna. Kuɗin baiko da zakka fastonmu ne yake ajiye su a gidansa, kuma an shekara ba a karanta mana lissafi ba. Matasa sun fara guna-guni, wasu suna cewa za su bar majami'ar. Ba na son in zargi bawan Allah ba tare da hujja ba. Ta ina za mu fara?

AMSA: Baba, mun gode da wannan wasiƙa, kuma kun yi daidai da kuka ƙi gaggawar zargi. Abubuwa biyu ne a nan, kada ku haɗa su. Ko an ci kuɗi ko ba a ci ba, ba ku sani ba tukuna. Amma cewa tsarin ajiyar kuɗinku ba shi da kyau, wannan a fili yake, kuma gyaransa nauyin dattawa ne. Ku fara daga nan.

Manzo Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai zuwa Urushalima ba. A 2 Korantiyawa 8:18-21 ya ambaci wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa ya yi tafiyar tare da su, ya kuma faɗi dalili: kada kowa ya sami abin zargi, a yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. Tun a zamanin sarki Yowash, 2 Sarakuna 12:9-10 ya nuna akwati mai huda a murfi, idan ya cika sai magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga. In Bulus ya nemi shaidu, ba wulaƙanci ba ne a nemar wa fasto shaidu. Kariya ce gare shi.

A aikace, mutum uku ne za su ƙirga baiko, nan cikin majami'a, da zarar an tashi sujada. Kada su zama 'yan gida ɗaya, kuma a riƙa sauya su kowane wata. Su rubuta jimla da lamba da kuma kalmomi a littafi mai shafuka masu lamba, dukansu su sa hannu, a raba baiko, zakka da kuɗin gini kowanne a layinsa. Ran Litinin ma'aji ya kai banki, ya kawo takardar shaida a manna ta a shafin ranar. Asusun ya kasance da sunan ikilisiya, mutum uku masu sa hannu, ba a cire ko kwabo sai biyu sun sa. Tun da yanzu mutane da yawa ta waya suke tura zakkarsu, saƙon banki ya riƙa shiga wayar mutum biyu. Bayan kowane wata uku a karanta lissafi a gaban jama'a, a ƙarshen shekara kuma a kira mai binciken kuɗi daga waje.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne kashe kuɗi kai tsaye daga kwanon baiko kafin a rubuta: man janareto, kuɗin motar baƙon mai wa'azi, maganin wani mara lafiya. Duka buƙatu ne na gaskiya, amma bayan wata shida ba mai iya tunawa, sai giɓi ya bayyana ko da ba wanda ya saci kome. Maganinsa a ware ɗan kuɗin hannu ƙayyadadde, duk abin da aka kashe a kawo rasit. Ku kuma duba ko kuna biyan faston albashinsa a kan kari, domin ikilisiyar da ta bar mai kiwonta wata uku babu albashi ta jefa shi cikin gwaji da hannunta.

Idan bayan an duba littattafai aka ga ɓatan kuɗi, 1 Timoti 5:19 ya hana karɓar ƙara a kan shugaban ikilisiya sai da shaidu biyu ko uku. Ku same shi a keɓe tukuna, yadda Matiyu 18:15-17 ya tsara. In bai saurara ba, ku rubuta wa majalisar da take bisa ku. A ɗarikar ECWA, alal misali, akwai LCC (majalisar ikilisiyoyin yanki) sannan DCC (majalisar gunduma da take bisa ta), sauran ɗariku ma suna da nasu matakan. Matasan kuma ku kira su ku gaya musu ranar da za a karanta lissafi, ku roƙe su kada su kai zancen zauren WhatsApp. Abin da aka watsa a waya ba ya dawowa, ko da daga baya an wanke mutumin.

TAMBAYA: A majami'armu a Jos, duk lokacin zaɓen dattawa kowace ƙabila nata take zaɓa. Mu da muke tsiraru ba mu taɓa samun ko mutum ɗaya ba. Shin laifi ne mu yi magana? Daga wata 'yar Zumuntar Mata.

AMSA: Mama, ba laifi ba ne. Irin kukan nan an yi shi a ikilisiyar farko. A Ayyukan Manzanni 6, Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su tsawata musu ba, ba su ce suna raba kan jama'a ba. Sun tara masu bi suka ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Ku duba sunayen bakwai ɗin, daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya: duka sunayen Helenanci ne. Da alama masu rinjaye ne suka miƙa aikin ga ɓangaren da ya yi kuka. Mu a ganinmu wannan shi ne abin da ya fi ƙaranci a zaɓuɓɓukanmu na yau.

Amma kada a gyara ƙabilanci da wani ƙabilancin, wato a ce kowace ƙabila ta kawo mutum ɗaya ko da bai cancanta ba. Ma'aunin yana 1 Timoti 3:1-7 da Titus 1:5-9: mijin mace ɗaya, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙon gidansa, ba sabon tuba ba, wanda har waɗanda ba masu bi ba suna shaidarsa. Kusan duka hali ne. Gwaninta ɗaya aka nema, iya koyarwa. Ba a ambaci dukiya ko wanda ya sayi kwanon rufin majami'a ba.

Ku kai shawara ga majalisar dattawa a rubuce, tun kafin lokacin zaɓe. A karanta waɗannan ayoyi Lahadi biyu ko uku a jere. A kafa kwamitin tantancewa da ya haɗa maza, mata, matasa da ƙabilu dabam-dabam. A manna sunayen waɗanda aka tantance na mako biyu, don mai ƙorafi ya kawo shi a keɓe. A jefa ƙuri'a a takarda, ba ɗaga hannu ba, domin mutum ba ya iya ƙin kawunsa a bainar jama'a. Inda ake sujadar Hausa da ta Turanci dabam, a yi zaɓen a taro ɗaya, in ba haka ba za ku wayi gari da ikilisiya biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya.

TAMBAYA: An sa ƙanwata a horo saboda ta yi ciki kafin aure. Shekara biyu ke nan tana zama a bencin baya, ba ta cin Jibin Ubangiji. Saurayin kuwa yana cikin mawaƙa har yau. Daga wani matashi a Gombe.

AMSA: Ɗan'uwa, abu biyu sun karkace a nan. Horon da ya kama mace ya saki namiji son kai ne, kuma 1 Timoti 5:21 ya hana shugabanni nuna bambanci. Sannan horo don komo da mutum ake yinsa. Galatiyawa 6:1 ya ce a maido da wanda ya faɗi da tawali'u, 2 Korantiyawa 2:6-8 kuma ya ce idan hukuncin ya isa a yafe masa, a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Ranar da aka sa mutum a horo ya kamata a gaya masa laifinsa, tsawon lokacin, da abin da ake so a gani, a kuma ba shi wanda zai riƙa ziyartarsa. Ita ƙanwarka, a ba ta dattijuwa daga Zumuntar Mata. Ka nemi iyayenku su je wurin fasto tare da dattijo ɗaya, su tambayi abin da kundin tsarin ɗarikarku ya ce game da wa'adin horo, su roƙi a sa ranar karɓarta. Tun da a gaban jama'a aka sanar da horon, a gaban jama'a za a sanar da ɗage shi, a kuma kira saurayin ya amsa nasa a gaban dattawa.