Kin zo ɗiban wuta ne?

Wa alaikis salam ɗiyata, na ga saƙonki tun jiya. Wai malaminku na sashen tarihi ya ce ku bi tsofaffi ku tambaye su yadda suka rayu da wuta, ke kuma kina tambayata me ya sa da ake shiga maƙwabta ɗiban wuta, ba ashana ne? Sai da na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi, ace 'yar gidanmu bata san wannan ba.

Amma malamin nan naku ya san abin da yake yi. Injiniya zai gaya miki an gama dam ɗin Kainji a 1968, an kafa NEPA a 1972, ba zai gaya miki wa ke zuwa daji yo itace ba, wa hayaƙi ya cinye wa ido a gindin murhu, ko me ya sa har yau yara ke ihun NEPA in an kawo wuta alhali tun 2005 aka canza mata suna. Wannan sai a bakin mutane.

Ashana akwai, kuɗi ne dai ake lallaɓawa. Ina 'yar shekara takwas, wata safiya da hunturu, garwashin da Inna ta binne a toka ya mutu, ta miƙo min tsingaro ta ce je ki gidan su Iya. Na ɗebo garwashi biyu ina tafe ina hurawa, leɓena duk ya tsage, ina fitowa zaure iska ta kashe shi. Na koma. Ya sake mutuwa. A na ukun ina kuka, Iya ta zaunar da ni kusa da murhu ta ɗumama min tuwo, tana ta tambayata a hankali jiya me kuka dafa, Malam ya dawo daga fatauci? Ni ban gane ba nake ta ba ta amsa. Sai ta kunna min kara ta rako ni har ƙofa, bayan azahar kuma ga ƙwaryar gero an aiko, ba wanda ya ce uffan.

Kakarmu takan ce gidan da ba a ga hayaƙinsa ba, to a je a leƙa shi. Malam kuma ya ce Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, shi ya sa ba a sayar da garwashi, ba a hana shi. Wanda ya shigo a tsaitsaye kuwa sai a ce masa ɗiban wuta ka zo?

Yanzu kowa ya ja get, ga gas ga janareta, maƙwabciyarki sai ta kwana biyu bata ɗora tukunya ba baki sani ba, abin nan yana damuna wallahi. Ku ma kun koma tambaya ta waya.

Ki zo ranar Asabar da abin ɗaukar maganarki, akwai zancen itacen wankan jego da fitilar aci-bal-bal da ban taɓa ba. Ki gaida Mamanki, cajina ya kusa ƙarewa, kwana uku kenan ba wuta.