Mota ko horo: da wanne za a fara?

Ka tambaya ko ƙungiyarku ta 'yan sa-kai ta fara da sayen motar ɗaukar marasa lafiya ko da horar da mutane. Ku fara da horo, domin ƙwaƙwalwar wanda zuciyarsa ta tsaya tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, kuma da wuya mota ta iso kafin nan, alhali mai horo zai iya danna ƙirjinsa sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya.

A aikin da na yi da 'yan sa-kai, motar takan zauna a banza idan babu masu jiran kira dare da rana, saboda haka kada ku saye ta sai kun tanadi direba da mai agajin farko a kowane lokaci.