Hoton PET ya ce maki 4: shin cutar ƙanena ta ƙi jin magani ne?

Tambaya: Likita, ƙanena yana fama da sankarar kaluluwa irin ta Hodgkin. An yi masa hoton PET na farko a Alƙahira, na biyu a Legas bayan zagaye biyu na kemo, wato maganin sankara. Takarda ta ce Deauville 4. Likitansa ya ce ba zai sauya magani ba sai ya san yadda aka haɗa hoton. Wannan ba ɓata lokaci ba ne? Daga wata 'yar'uwa a Argungu.

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Likitan nan ya yi daidai.

PET ba ɗaukar hoto yake yi kamar kyamara ba. Ana yi wa majiyyaci allurar wani sukari mai ɗauke da sinadarin fulorin-18, a jira kamar awa ɗaya, na'ura ta ƙirga hasken da ke fitowa daga jiki, sannan kwamfuta ta haɗa hoto ta hanyar lissafi, inda wurin da cutar take ya fi haske saboda ya fi zuƙar sukarin. Lissafin nan kuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsohuwar hanya, OSEM, da ake amfani da ita tun shekarun 1990, akwai kuma sababbi irin PSF da Q.Clear na kamfanin GE, masu fito da ƙananan abubuwa tangaran.

Ga inda gizo ke saƙar. Ma'aunin Deauville, wanda aka tsara a Faransa a 2009, yana gwada hasken kaluluwa ne da na hanta. In bai wuce na hanta ba, maki 3 ne ko ƙasa, galibi a ce magani ya ci. In ya ɗara hanta, 4 ke nan. To sababbin hanyoyin suna ƙara wa ƙaramar kaluluwa haske, hanta kuwa da yake babba ce kusan tana nan yadda take. Sai ki ga jiki ɗaya, rana ɗaya, tsohon lissafi ya ba da 3, sabo ya ba da 4. Shi kuma ma'aunin da tsohon lissafi aka gina shi.

Wannan tazara tana damuna ƙwarai, don a Hodgkin a kanta ake yanke hukunci. Mai 3 kan ci gaba da ABVD, wato haɗin magungunan kemo da aka saba farawa da shi, har a iya cire masa ɗaya daga cikinsu, buliyomaisin, mai taɓa huhu. Mai 4 ana iya ɗaga shi zuwa BEACOPP, magani mai nauyi a jiki da aljihu, wanda kan shafi haihuwa.

Kada dai ki ɗauka na ce 4 ɗin ƙarya ne. Yana iya zama cuta ta gaske. Ku nemi cibiyar ta faɗi hanyar da ta bi, in da hali ta sake haɗa hoton bisa ƙa'idar EARL ta ƙungiyar likitocin nukiliya ta Turai. Muddin bayanan asali suna ajiye, ba sai an sake allura ko tafiya Legas ba. Ku kai wa likita faifan hotunan biyu, ba takardar sakamako kaɗai ba, kuma ku yi haka cikin kwanakin nan don kada zagaye na gaba ya makara.