Kakanka masunci ne ko manomi?

Ɗana, saƙonka ya iso. Kana tambaya me ya sa in aka tashi zancen marigayi kakanka wani ya ce masunci ne, wani ya ce manomi, gwaggonka kuma ta ce ladan, alhali ka taso kana jin cewa kowane gida da sana'arsa ta gado. To duk babu wanda ya yi ƙarya.

Sana'a ɗaya tak maganar birni ce, inda maƙeri zai wuni a maƙera masu saye na zuwa. Mu a gungu, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara a ƙasar Yawuri, gida nawa ne? Wanda ya ce aski kaɗai zai yi, kafin azahar ya gama da kawunan garin, sai ya ci me?

Ruwa ne ke raba mana aiki. Kwara sau biyu take cika. Akwai farin ruwa na daminarmu, sannan baƙin ruwa da ke tahowa tun daga ƙasar Gini, ya iso da sanyin hunturu. Da damina kakanka yana gonar dawa da shinkafa. Da rani sai albasa a bakin gaɓa, yana ɗibar ruwa da ƙwarya yana watsa wa fangali ɗaya bayan ɗaya, mu yara muna binsa ƙafa duk taɓo. Da dare ya duba mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyin kama kifi, da asuba ya kira salla, tunda muryarsa ta fi ta kowa kai wa ƙarshen gungu. Ranar kasuwa kuwa shi ke fiton mutane da kayansu zuwa Yelwa. Kakarka ma haka: ita ce ungozoma, ita ke bandar kifi, ita ke kitso.

Abin da matasa ba ku gane ba, yawancin ayyukan nan ba don kuɗi ba ne. In jirgin maƙwabci ya tsage, ba a jiran masassaƙi daga tudu, wanda ya iya shi zai toshe. Kuma mai iyawa ya ƙi, wannan ne abin kunya a wurinmu.

Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye gungunan, aka mai da Gungawa tudu, kasuwa ta matso, kowa ya fara kama abu guda.

Saboda haka maganar abokanka cewa bai dace malamin makaranta ya riƙa jan taru ranar Asabar ba, bar su. Ka dai tabbata ranar Litinin kana aji kafin yara.

Ka gaida mahaifiyarka.