Mayar da yaran Siriya makaranta a Jodan

Malama, kin tambayi yadda za a mayar da yaran Siriya 'yan gudun hijira aji a Jodan bayan sun daɗe ba sa karatu.

Ki fara duba shekarun yaron, domin ƙa'idar ma'aikatar ilimi ta hana karɓar wanda ya girme wa 'yan ajinsa da fiye da shekara 3. A cikin irin waɗannan yaran, mai shekara 9 zuwa 12 ana sa shi a shirin cike giɓin karatun da ya rasa, sannan ya koma makarantar gwamnati. Daga 13 zuwa sama akwai shiri dabam na waɗanda suka bar karatu.

Rajista ba ita ce wahalar ba, riƙe yaron ne. A garuruwa irin su Mafrak da Irbid, makarantu da yawa kashi biyu suke: 'yan ƙasa da safe, 'yan Siriya da rana. Yaran ba sa cuɗanya sai a bakin ƙofa lokacin canji, nan tsangwama da faɗa suke tashi, har wasu iyayen su janye 'ya'yansu. A ganina dole a tsayar da malami a ƙofar, a kuma haɗa yaran wasa da darasi ɗaya, kamar yadda ake yi a cibiyoyin Makani, wato wuraren karatu da wasan yara na UNICEF.

Ki kuma tanadi kuɗin mota. Rashinsa kan tura maza aikin ƙodago, 'yan mata kuma auren wuri.