Keke a High Peak Trail: ba shimfiɗa ba ce duka

Malam, ka tambaya ko kekenka mai siririyar taya zai iya High Peak Trail ta Ingila, tunda tsohon layin dogo ne, wai ai shimfiɗe yake. A nan mutane ke ruɗuwa. Kilomita 27 ne, kuma a da injin tururi da ke girke a kan tudu ne ke janyo taragai sama, shi ya sa hawan Sheep Pasture da na Middleton suke a tsaye. Ni dai sauka na yi na tura, gumi har cikin ido.

Sa taya mai faɗin milimita 40, ka rage mata iska kaɗan. Wajen gangara kada ka damƙe birkin gaba a kan tsakuwa, zamewa za ka yi. Birki da giya kuwa, bar wa mai gyaran keke ya duba kafin ka fita.